Yadda Ake Gina Bangon Raba Ɗaki Idan Hitar Gindin Bango Ta Tare Hanya

Duk wanda ya yi hunturu a Kanada ko arewacin Amurka ya san wannan doguwar hita mai rufin kwano da ke kwance a gindin bango, galibi a ƙarƙashin taga, wadda mutanen wurin ke kira besbod. Ana sa ta a nan ne domin iskar sanyi da ke gangarowa daga gilashin taga ta shiga ta ƙasanta, ta ɗumama, ta fito ta sama. Matsala tana tasowa ne ranar da iyali suka ƙaru, yara maza da mata suka kai lokacin raba musu makwanci, ko kuma iyaye za su zo daga gida su yi watanni, mai gida ya yanke shawarar raba babban falo gida biyu. Sai ya ja layi a ƙasa, ya tarar layin ya faɗa daidai tsakiyar hita.

Ginin bangon kansa aiki ne da mai hannu zai iya gamawa cikin kwana biyu ko uku. Abin da ke buƙatar tunani shi ne ɗumi, domin bangon da zai raba ɗaki zai raba ɗumin ɗakin ma, kuma dole kowane ɓangare ya samu rabonsa ba tare da an danne hita da katako ba. Saboda haka yawancin bayanin nan a kan hita zai tsaya.

Kafin a sayi katako ko ɗaya

Idan haya kake, nemi amincewar mai gida a rubuce, kuma ko gidan naka ne, ka tambayi ofishin kula da gine-gine na garinku ko aikin yana buƙatar takardar izini, domin a garuruwa da yawa sabon bango da sabuwar wayar wuta suna buƙata. A birnin Niu Yok ana ɗaukar wannan da matuƙar muhimmanci, kuma da dalili: a gobarar da aka yi a unguwar Bronx ranar 23 ga Janairu, 2005, 'yan kwana-kwana sun maƙale a wani bene da aka rarraba da bangaye ba bisa ƙa'ida ba, har suka yi tsalle ta taga, biyu daga cikinsu suka rasu a ranar.

Idan sabon ɗakin na kwana ne, dokar gini da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce kada faɗinsa gaba ɗaya ya gaza murabba'in ƙafa 70, kada kowane gefe ya gaza ƙafa 7, kuma dole ya kasance da taga ko ƙofar da mutum zai iya fita waje ta cikinta idan wuta ta tashi, tare da na'urar ƙararrawar hayaƙi a ciki. Haka kuma, idan an gina gidan kafin 1978, akwai yiwuwar tsohon fentin yana da dalma, kuma tsofaffin gidaje na iya samun asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, a silin ko a ƙullin da aka shafe bango da shi, don haka a gwada kafin a fara yanka ko gogewa, musamman inda akwai ƙananan yara.

Gano irin hitar da ke gabanka

Wannan shi ne matakin da duk sauran aikin ya rataya a kansa, domin hitar gindin bango iri biyu ce, kuma ko da yake daga waje sun yi kama, abin da ya halatta a yi wa ɗaya haramun ne a kan ɗayar.

Ta farko ta lantarki ce. A cikinta akwai sandar ƙarfe guda da wuta ke ɗumamawa, an jera mata siraran faranta na alminiyam, kuma a ƙarshenta akwai ƙaramin akwati inda waya ke shiga. Yawancinsu suna aiki da bolt 240, kuma kowace ƙafa ɗaya ta tsawonsu tana cin kimanin wat 250. Ta biyu ta ruwan zafi ce: bututun jan ƙarfe ne mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, shi ma da farantan alminiyam, ruwa yana zagayowa ta cikinsa daga tukunyar ɗumama gida da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da zafin da yakan kai digiri 82 a ma'aunin Selshiyos. Ka durƙusa da tocila a ƙarshen hitar ka leƙa. Idan ka ga bututu ya lanƙwasa ya shige daɓe ko ya ratsa bango zuwa ɗaki na gaba, ta ruwa ce. Idan ba bututu, sai waya da lambar wat a manne a jikin kwanon, ta lantarki ce.

Akwai kuma tsohuwar hita ta baƙin ƙarfe mai nauyi da ake samu a wasu gidajen da aka gina a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Wannan gaɓa-gaɓa aka harhaɗa ta, ruwa yana bin jikin ƙarfen kansa, ba a yanka ta da zarto. Idan ita ka tarar, sai falamba ya zo ya raba gaɓoɓin.

Kafin ka ci gaba, sake duba layin da ka ja. Sau da yawa matsar da bango da ƙafa ɗaya ko biyu yana sa ya faɗa bayan ƙarshen hita, kuma a hitar ruwa ana yawan samun wani sashe na rufin da babu faranta a cikinsa, bututu ne kawai tsirara yake wucewa. Cire murfin gaba ka duba, domin idan bangonka zai iya sauka a irin wannan wuri, rabin wahalar ta kau. Sai dai kada sauƙin ya ruɗe ka har ka bar ɗaki ɗaya da hita gaba ɗaya, ɗayan kuma babu komai. Ɗakin da ba shi da ɗumi ƙarshensa ƙaramar hitar soket ce da ake kwana da ita a kunne kusa da katifa, kuma irin wannan hita ce ta haddasa gobarar ranar 9 ga Janairu, 2022, a wani dogon bene na Bronx, inda mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Ina ganin duk wanda ya tuna wannan rana ba zai yi wa lissafin ɗumi riƙon sakainar kashi ba.

Lissafin rabon ɗumi

Masu aikin suna da ƙiyasin da suke farawa da shi: kimanin wat 10 ga kowace murabba'in ƙafa, a ɗakin da tsayin silinsa ƙafa 8 ne kuma bangonsa yana riƙe ɗumi daidai gwargwado. Ɗakin kusurwa mai bangon waje biyu, ko mai tsohuwar taga, yana buƙatar fiye da haka.

Mu ɗauki falo mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 22, mai tagogi biyu, da hitar lantarki ta ƙafa 10 mai wat 2,500 a ƙarƙashinsu. Ana son a fitar da ɗakin kwana na ƙafa 12 da 10, bangon ya sauka tsakanin tagogin. Ɗakin kwana murabba'in ƙafa 120 ne, yana neman wat 1,200, don haka hitar ƙafa 5 mai wat 1,250 ta ishe shi. Ragowar falon kusan 140 ne, hitar ƙafa 6 mai wat 1,500 ta dace da shi. Idan kuwa hitar ta ruwa ce, ƙafa ɗaya ta bututu mai faranta tana ba da abin da ya kai kimanin wat 170 idan ruwan ya yi cikakken zafinsa, ke nan ɗakin kwanan nan yana buƙatar kusan ƙafa 7. Auna abin da zai faɗa kowane ɓangare, idan wani ya gaza sosai, ko a matsar da bango ko a ƙara masa tsawon bututu.

Sai maganar tamostat, wato ma'aunin da ke kunna hita da kashe ta. Bayan an yi bango, zai kasance a ɗaki ɗaya ne kawai, yana auna zafin wannan ɗakin, ba ruwansa da ɗayan. Idan ya faɗa falo inda ake taruwa kuma zafin kicin ke shigowa, zai riƙa kashe hita da wuri, mai kwana a sabon ɗaki ya sha sanyi. A hitar lantarki maganin mai sauƙi ne, a ba kowane ɗaki nasa. A ta ruwa kuwa raba layin bututu domin kowane ɗaki ya samu nasa aiki ne mai tsada, yawanci ana barin tamostat ɗaya, a daidaita sauran da ɗan murfin da ke saman hita wanda ake buɗewa ko rufewa don ƙara ko rage fitar iska.

Idan hitar ta lantarki ce

Ba a yanka ta, ba a ratsa bango da ita, kuma ba a yi mata rami a jikin bango ta bi ta ciki. Na sha jin masu cewa ai sai a bar mata ɗan fili a zagaye ta da kwano, kuma wannan shawara ce da ba na goyon baya ko kaɗan, domin jikinta yana yin zafin da ya fi na bututun ruwa nesa, kuma an ƙera ta ne iska ta riƙa ratsa ta daga farko har ƙarshe. Masu ƙera ta sukan buƙaci a bar mata kimanin inci 12 a gaba da sama, da inci 6 a kowane gefe daga abin da zai iya kamawa da wuta, kuma takardar da ta zo da hitar ita ce hukunci. Hanya ɗaya ce: a cire doguwar, a sa gajeru biyu.

A lardin Kwibek, inda irin wannan hita ta fi yawa, doka ba ta ba mai gida damar yin aikin wayar wuta da kansa ba, sai ɗan kwangila mai lasisi, haka ma a birnin Niu Yok. A Ontariyo mai gida zai iya yi a gidan da yake zaune, amma sai ya sanar da hukumar kula da lafiyar lantarki ta lardin, ta turo mai dubawa. Ko inda doka ta yarda, wanda bai taɓa haɗa waya ba ya kira ma'aikacin wuta, shi kuma ya tsaya a aikin katako.

Tsarin aikin dai ga shi. A kashe birekar hita, wato makunnin da ke yanke wutar layinta, a akwatin wuta. Ta bolt 240 tagwaye ce, hannu biyu a haɗe, kuma wayoyi biyun da ke zuwa hitar duk masu wuta ne, har da fara, wadda a soket na yau da kullum ba ta ɗauke da wuta. Kashe tamostat kaɗai bai isa ba, domin wasu waya ɗaya kawai suke yankewa. A buɗe akwatin ƙarshen hitar, a gwada kowace waya da mitar gwajin wuta wadda aka riga aka tabbatar tana aiki a wani soket, sannan a kwance wayoyin, a rufe bakinsu, a cire sukurorin da suka riƙe hitar a bango, a ɗauke ta. Yanzu hanya ta buɗe, sai a gina bango kamar babu abin da ya taɓa zama a wurin.

Wayar sabbin hitocin ana jan ta ne bayan an tsayar da katakai, kafin a rufe su da allon jibsam, wato faffaɗan allon da ke zama fuskar bango. A ƙa'idar Amurka ba a ɗora wa layin hita fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin birekarsa, ke nan bireka mai amfiya 20 a bolt 240 tana ɗaukar wat 3,840, mai amfiya 15 kuma 2,880. Hitocin misalinmu sun haɗu 2,750, sun shiga, matuƙar babu wata hitar wani ɗaki a kan layin, abin da dole a bincika. Duk inda aka haɗa waya da waya sai a cikin akwati mai murfi da hannu zai iya kaiwa, ba a binne mahaɗa a bayan allo. Kuma kada sabuwar hita ta faɗa ƙarƙashin soket, domin wayar fitila ko caja za ta sauko ta kwanta a kanta ta narke.

Idan hitar ta ruwa ce

A nan akwai sassauci, domin bututun ruwan zafi yana iya ratsa bango, dama haka yake bi daga ɗaki zuwa ɗaki a gidan, kuma zafinsa bai kai ya kunna katako ba. Abin da ake so shi ne bututu tsirara ya bi ta cikin bango, faranta da rufi su tsaya a kowane gefe. Idan aka yi a hankali, ba sai an yanke bututu ko an zubar da ruwan gidan ba. Duk da haka a yi aikin da bazara, lokacin da tukunyar ɗumama gida take hutu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya huda bututu a watan Janairu zai kwana da iyalinsa a gida mai sanyi yana jiran falamba.

Kashe tukunyar ka bar bututun ya huce, kuma ka san inda makullin ruwan layin yake tun kafin ka taɓa komai. Zare marufan ƙarshe, ka ɗaga murfin gaba ya fito daga maratayansa, ka zare ɗan murfin sama. Yanzu zana kaurin bangonka a jikin bangon waje da fensir. Katakon da ake kira biyu-da-huɗu ainihin awonsa inci 1½ ne da 3½, idan aka ƙara allon jibsam na rabin inci a kowace fuska, bangon zai tashi inci 4½.

Cire farantan alminiyam da suka faɗa cikin wannan inci 4½, ka ƙara kamar inci 2 a kowane gefe domin marufan ƙarshe su samu wurin zama. Sa safar hannu mai kauri, don gefen farantan kamar reza yake. Ka tsaga kowane faranti da almakashin kwano daga gefe zuwa kusa da bututu, ka kama shi da filaya ka murɗa, zai yage ya fita. Ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma kada bakin almakashi ya taɓa jan ƙarfen, domin bututun cikin hita siriri ne ƙwarai, ƙaramin rauni yau shi ne ɗigon ruwa a cikin bango bayan shekara biyu. Injin yanka mai faifai ba shi da aiki a kusa da wannan bututu. Idan ka tarar da mahaɗar dalma ko ɗan makullin fitar da iska daidai inda bango zai rufe, matsar da bangon ko ka kira falamba ya matsar da su, domin abin da zai iya yoyo ko ake buƙatar murɗawa ba a ɓoye shi.

Murfin gaba da na sama a ƙasa ake yanka su, nesa da bututu, da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, a goge bakin da magagari. Kwanon baya da ke manne da bango ana iya barinsa yadda yake tunda siriri ne, sai dai ɓangarensa na sama da ya lanƙwaso gaba, shi za a yanke daidai faɗin bangon. Ka tabbata kowane ɓangare yana da maratayi kusa da sabon bango wanda zai ɗauki bututu da murfi, idan babu ka sayo ka ƙara, tare da marufan ƙarshe biyu na kamfanin da ya yi hitar, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Ka tafi shago da tsohon murfi a hannu, domin na wani kamfani ba ya hawa na wani.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne jan ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Bututu mai ƙafa 10 yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci tsakanin sanyinsa da cikakken zafinsa, kuma idan katako ko allo ya matse shi, duk lokacin da tukunya ta tashi za a riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas a cikin bango, da tsakar dare, daidai kan mai barci. Saboda haka bututun da faɗinsa na waje bai kai inci ɗaya ba a ba shi rami na aƙalla inci 1¼, yana tsakiya ba ya taɓa komai.

Tsayar da bangon

Ja layi a daɓe daga bangon waje zuwa na ciki, ka tabbatar da miƙewar kusurwa da awon magina: ƙafa 3 a jikin tsohon bango, ƙafa 4 a kan sabon layi, tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa 5 cif. Idan kafet ne a ƙasa, yanke shi daidai faɗin bango. Idan daɓen katako ne irin wanda ake shimfiɗawa ba tare da ƙusa ba, shi ma a yanke masa hanya a bar ɗan sarari, don yana buƙatar motsi. A kan siminti, kamar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, katakon ƙasa ya zama mai maganin ruɓewa, a kafe shi da sukurorin kankare. Kafin ka tura sukuru a daɓe kusa da hitar ruwa, sauka ƙasa ka ga ta inda bututu ya bi.

A sama, nemo katakan da ke ɗauke da silin, waɗanda suke matsayin azara a ɗakin soro. Idan bangonka ya gitta su, sai ka kafa katakon sama da sukuru na inci 3 a cikin kowannensu. Idan kuwa ya bi tsawonsu ya faɗa tsakanin biyu, ko ka matsar da shi ƙarƙashin ɗaya, ko ka sa gajerun katakai a tsakaninsu ta sama don ka samu abin kamawa. Da igiyar awo mai nauyi a baki ko filam mai tsawo, wato ma'aunin miƙewa na magina, ake ɗaga layin ƙasa zuwa silin.

Kada ka harhaɗa bangon a kwance ka ce za ka ɗaga shi, domin bututu zai tare ka, kuma daɓen tsohon gida ba ya zama daidai. Kafa katakon ƙasa da na sama tukuna, sannan ka auna kowane tsayayyen katako a wurinsa, ka jera su inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Wurin ƙofa a bar shi ya fi ƙofar faɗi da inci 2, tsayi kuma kimanin inci 82 ga ƙofa mai inci 80.

Kusurwar da bututu yake ita ce ke buƙatar dabara. Katakon ƙasa yakan shige ƙarƙashin bututun ya kai bango, idan bai shiga ba a tsayar da shi kafin bututun. Tsayayyen katako na farko, wanda ya kamata ya manne da bangon waje, ba zai sauka ƙasa ba tunda bututu yana kan hanyarsa. Sai ka tsayar da cikakken katako kamar inci 4 daga bangon waje, gaban bututu, ka kafa gajeren katako a kwance daga jikinsa zuwa bango sama da tsayin rufin hita, sannan katakon da ke manne da bango ya tashi daga kan wannan gajeren har silin. Abin da zai fito kamar ƙaramar taga ce a gindin kusurwa, bututu yana wucewa ta tsakiyarta. Katakon jikin bango kuma a ɗaure shi da tsayayyen katakon tsohon bango idan an dace da shi, idan ba a dace ba a yi amfani da maƙalan allo masu buɗewa ta baya. Idan ka buɗe bangon waje don wani dalili ka tarar da leda a bayan allo, wadda ke hana danshi shiga, ka liƙe duk inda ka yaga da tef ɗin da aka yi dominta.

Tun ran gini tun ran zane: yanzu ne lokacin jan wayar soket, makunnin fitila da tamostat. Dokar wuta ta Amurka tana son kada wani wuri a gindin bangon ɗaki ya yi nisan fiye da ƙafa 6 daga soket, kuma sabon bango yana cikin lissafi ta fuskokinsa biyu. Ramin waya ya bi tsakiyar katako, inda ya matso ƙasa da inci 1¼ daga fuska a buga masa farantin ƙarfe don kada sukuru ya same shi. Idan aikin yana da takardar izini, a wannan matakin ne mai dubawa yake zuwa, kafin a rufe.

Rufewa da mayar da hita

Cusa audugar gilashi ko ta dutse tsakanin katakan don rage jin magana, tunda ɗakin kwana ne a jikin falo, ka cusa kaɗan a sassauce cikin ƙaramar tagar bututu, wadda ita ce hanyar da sauti ya fi bi. Allon da zai zagaye bututu a huda masa ramin inci 1¼, a yanke siririn yanki daga ramin zuwa gefen da ke kallon bangon waje, a zura allon, a mayar da yankin a shafe shi. Ana kafa allo da sukuru na inci 1¼, a ɗaga shi kamar rabin inci daga daɓe, a bi mahaɗai da tef da ƙulli sau uku ana barin kowane shafi ya bushe, sannan goga da fenti. Kada ƙulli ya cike ramin bututu. Zoben roba ko na ƙarfe mai buɗewa biyu shi ake sawa ya rufe gibin.

Bayan fenti ya bushe sai a mayar da rufin hitar ruwa da sabbin marufansa, ko a kafa sabbin hitocin lantarki a jikin tsayayyun katakan bangon waje, da tazararsu daga sabon bango kamar yadda takardarsu ta ce. Katakon ado na gindin bango ya tsaya inda hita ta fara. Ka share ƙurar allo daga cikin faranta da injin shara kafin a kunna, ka kuma duba cewa kafet bai toshe ƙasan hitar ba, kuma ƙofar sabon ɗakin idan an buɗe ta ba ta jingina da hita.

Daga nan sai gwaji. Kunna tukunya ko bireka, ka ɗaga tamostat, ka zauna a ɗakin rabin awa. Sabuwar hitar lantarki takan yi ɗan wari a kunnawar farko, wanda ke wucewa idan an buɗe taga. A ta ruwa ka bi bututun da busasshen tsumma a bakin bango ta kowane gefe ka ga ko akwai laima, ka kasa kunne ko za ka ji ƙara yayin da yake ɗaukar zafi, idan ka ji, cire zoben ka faɗaɗa ramin ta inda yake gogawa. A daren farko na sanyi sosai ka ajiye ma'aunin zafi a kowane ɗaki, ƙofa a rufe, da asuba ka kwatanta su. Idan sabon ɗakin bai kai digiri 20 ba kuma hitar ta ruwa ce, buɗe murfin saman hitarsa gaba ɗaya ka rage na falo, idan kuma hakan bai wadatar ba, a ƙara masa tsawon hita kafin a kwantar da yaro a ciki.